Miyata 1000: Sharhi a Kan Keken Doguwar Tafiya na Japan

Keken da nake sharhi a kansa Miyata 1000 ne, ƙirar tsakiyar shekarun 1980, kuma ra'ayina a kansa shi ne har yanzu ya isa a ɗora masa kaya a yi tafiyar kwana da kwanaki, muddin mai shi ya san wurare biyu da shekaru suka bar shi a baya. Keken doguwar tafiya ba don tsere aka yi shi ba. Aikinsa shi ne ya ɗauki mutum da jakunkuna huɗu, ya hau tudu da su ya gangara ba tare da ya yi rawa a hannu ba, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Kamfanin Miyata ya samo asali ne daga wani maƙerin bindiga mai suna Eisuke Miyata, wanda masana'antarsa ta ƙera keke a Tokyo a shekarar 1890, kuma sanin da gidan yake da shi wajen sarrafa bututun bindiga ne ya koma kan bututun keke. Wannan gado yana nan a jikin firam ɗin. A wancan lokaci yawancin masu ƙera kekuna a Japan suna sayen bututu ne daga kamfanin Tange ko Ishiwata, amma Miyata da kansa yake jan nasa, yana barin bangon bututun da kauri a bakinsa inda ake haɗi, ya sirantar da shi a tsakiya inda nauyi bai cika faɗawa ba. Idan mutum ya ƙwanƙwasa bututun da farce daga baki zuwa tsakiya, zai ji sautin yana sauyawa. Mahaɗan kuwa an zura bututun ne cikin wasu ƙananan kwasfa na ƙarfe aka like da narkakkiyar tagulla, kuma a kan wanda ke hannuna gefen kowane mahaɗi ya fita tsaf, babu tsalle babu tarin narkakken ƙarfe.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka yi wa matafiyi tanadi tun daga masana'anta. Akwai ramukan ɗaura kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, a baya, akwai wasu a tsakiyar ƙafafun fok na gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, domin jakunkuna su zauna ƙasa kusa da tsakiyar taya, sannan an tsawaita bayan firam ɗin yadda diddigen mahayi ba zai riƙa bugun jaka ba yayin da yake taka feda. Ba tare da kaya ba, keken yana da ɗan nauyin juyawa, kuma wanda ya saba da keken tsere zai ga kamar yana jan jiki. Da zarar an ɗora masa kaya gaba da baya sai halinsa na gaskiya ya bayyana, ya miƙe ɗoɗar a kan hanya, har a gangara mai tsawo hannu ɗaya ya isa ya riƙe shi.

Kayan da ake ɗora wa wannan keke sun riƙa sauyawa daga shekara zuwa shekara, kuma nawa yana ɗauke da na'urar sauya giya ta kamfanin SunTour da sandar feda ta kamfanin Sugino mai faifai uku. A nan ne tarihin ya fi daɗi. A shekarar 1964 injiniyan SunTour, Nobuo Ozaki, ya fito da na'urar sauya giya ta baya wadda aka karkatar da jikinta, ta yadda ƙaramin gargaren da ke jagorantar sarƙa yake bin gangaren haƙoran giya, tazararsa da su ba ta sauyawa sosai ko sarƙa tana kan babba ko tana kan ƙarami. Sakamakon haka giya tana shiga da sauƙi fiye da na'urorin Turai da suka ninka ta tsada. Shekara 20 SunTour yana riƙe da haƙƙin wannan ƙira, kuma da wa'adin ya ƙare a 1984 sauran kamfanoni suka ɗauka, ciki har da Shimano, wanda Shozaburo Shimano ya kafa a Sakai a 1921. Shimano ya haɗa ƙirar da tsarinsa na SIS, inda kowace giya take da nata maƙalli, kuma cikin 'yan shekaru ya ƙwace kasuwar.

Duk da haka, a doguwar tafiya ni na fi son tsohon tsarin. Mariƙin giyar SunTour da ke ƙarshen kan keken yana da wasu ƙananan haƙora a ciki, ana jin ƙaras-ƙaras ɗinsu a yatsa idan an ja shi, kuma mahayi ne da kansa yake daidaita sarƙa da kunne da hannu. Ko waya ta saki, ko na'urar ta ɗan lanƙwashe, ana ci gaba da tafiya, kuma ba ya zaɓen yawan giyar da za a haɗa shi da ita.

Wuraren biyu da na ambata su ne birki da ƙafar baya. Birkin wancan zamani yana kama gefen rim ne, saboda haka a cikin ruwan sama da kaya masu nauyi ba ya kusa da birkin faifai na yau, ko da yake sababbin robobi masu kyau suna rage matsalar ƙwarai. Ƙafar baya kuma faɗin wurinta milimita 126 ne, alhali na kekunan da suka biyo baya 130 ne ko 135, sannan a tsarin firiwil, inda ake murɗa tarin haƙoran giya a jikin cibiyar ƙafa, boris ɗin dama yana can ciki, wanda hakan ke barin sandar tsakiya da tsawon da babu madogara, kuma nauyi yana iya lanƙwasa ta. Mai saye ya juya ƙafar ya duba wannan, ya kuma leƙa cikin bututun sirdi ko akwai tsatsa.

Zamanin waɗannan kekuna bai daɗe ba. Kasuwarsu mafi girma Amurka ce, inda sha'awar yawo a keke ta bunƙasa bayan tafiyar Bikecentennial ta 1976, wadda dubban mahaya suka ratsa ƙasar a keke, kuma can Fuji da Bridgestone da Panasonic da Nishiki suka riƙa aika nasu. A watan Satumba na 1985 ƙasashe biyar suka ƙulla yarjejeniyar Plaza a New York domin karya darajar dala, wadda a lokacin take kusan yen 240 a kuɗin Japan, kuma zuwa ƙarshen 1987 ta faɗo ƙasa da yen 130. Keken Japan ya kusa ninka tsadarsa a hannun Ba'amurke, masu saye suka karkata zuwa keken hawan dutse, kuma yawancin aikin ƙira ya koma Taiwan.