Masu haɗa kayan ɗaki, a yi hattara da katifar sifirin ta bogi

Jama'a, musamman iyayen amare, a kula. Akwai masu tallar katifa a Facebook, WhatsApp da TikTok da ke ɗora hoto mai kyau, su ce sifirin mai aljihu ce, ta masu ciwon baya, a farashin da bai kai rabin na shago ba. Sharaɗinsu ɗaya: a turo kuɗi tukuna. Wasu da zarar kuɗi sun shiga sai su toshe lambarka. Waɗanda ke kawo kayan ma sun fi ba ni tsoro, domin cutar tana ɗinke a ciki, ba a ganin ta sai an kwana biyu.

Sifirin iri biyu aka fi samu a kasuwa. Akwai Bonnell, tsohuwar ƙira, mai siffar kalangu: tsakiya a tsuke, sama da ƙasa a buɗe, duka an sarƙe su da waya. Mutum ɗaya ya juya, katifar gaba ɗaya ta motsa. Sai mai aljihu, wanda kowane sifirin ke ɗinke cikin ƙyallensa yana lotsawa shi kaɗai, ya nutse ƙarƙashin kafaɗa da ƙugu, ya tallafe gadon baya. Shi ya sa ya fi tsada. Bonnell ba ta da laifi in an sayar da ita da sunanta da kuɗinta. Ha'incin shi ne a karɓi kuɗin mai aljihu a ba ka ita.

Mafi muni, wasu na sayen tsofaffin sifirin masu tsatsa a wajen 'yan gwangwan, su shimfiɗa kwali da guntayen soso, su lulluɓe da sabon yadi, su ɗinka tambarin sanannen kamfani. Ba a daɗewa tsakiya ta yi rami, waya ta fara sukar mutum, a wayi gari da ciwon baya. Uba ya ci bashi ya yi wa 'yarsa gado, wannan ne sakamakonsa!

Kada a biya sai an ga kaya. Ajiye kofin ruwa a gefe ɗaya, ka danna ɗaya gefen da ƙarfi. In mai aljihu ce, da ƙyar ruwan zai motsa. Kasa kunne, sabuwar katifa ba ta ƙara. Zauna a bakinta, in ta zube da kai babu ƙarfin gefe. Tambayi kaurin wayar: yawanci daga lamba 12 zuwa 15 ne, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Nemi rasit da takardar garanti, ka kira kamfanin ka ji ko mutumin dillalinsu ne.

Wanda aka riga aka damfara ya sanar da bankinsa nan take, ya adana shaidar tura kuɗi da hirarsu, ya kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya a Najeriya. Batun tambarin jabu kuma a sanar da hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki.