Hunturu da hutun Disamba: abin da ya cancanci kuɗinki idan kina da ƙaramin yaro

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu abubuwa biyu ne ke haɗuwa a gidajen Kano. Makarantu sun yi hutun zangon farko, hunturu kuma ya kankama. Yayye suna gida tun safe har dare, ƙofar ɗaki ba ta zama a rufe, ga bukukuwa a jere, ga baƙi, ko kuma ku ne za ku tafi ganin gida. A tsakiyar wannan hidima akwai ɗan shekara ɗaya zuwa uku, wanda ya fara tafiya, duk abin da ya gani sai ya taɓa, bai kuma iya buɗe baki ya ce yana jin sanyi ba. Shi ya fi kowa jin jiki a wannan lokaci, kuma a kansa aka fi sayen abin da ba shi da amfani.

Kafin ki ɗauki jaka ki nufi kasuwa, ki tuna irin sanyin garin nan. Da asuba ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 15, amma kafin la'asar ya doshi 30. Abin da ba ya sauyawa dare da rana shi ne bushewar iska da ƙurar da take kwasowa daga Sahara. Shi ya sa nake ganin kuɗin hunturu ya fi dacewa ya tafi a kan abin da ke taɓa jikin yaron, wato mai da tufafi. Ɗumama iskar ɗaki ya zo a can baya, kuma a nan ne haɗarin yake.

Man shafawa

Wannan shi ne na farko, ko da shi kaɗai za ki iya saya. Fatar yaro ta fi ta babba laushi da saurin rasa ruwa, don haka kwana kaɗan za ki ga ƙafa ta yi furu-furu, kumatu sun yi kaushi, leɓe ya tsage.

Basilin ba ya ƙara wa fata ruwa, aikinsa shi ne ya toshe hanyar da ruwan ke bi ya fice, kuma a wannan aikin babu man da ya kai shi. Ga araha, ga shi ba ya lalacewa da wuri. Aibinsa ɗaya, ƙura na manne masa: yaron da aka lafta wa da safe aka sake shi tsakar gida, kafin hantsi ya koma kalar ƙasa. Ki nemi fari marar turare mai lambar NAFDAC a jikin kwalbar. Wanda ake aunawa da cokali a ƙulla a leda, mai kala da ƙamshi mai ƙarfi, ba ki san abin da aka zuba masa ba, a bar wa manya su shafa a ƙafa.

Man kaɗanya ya fi basilin shiga jiki, ba ya kuma kwasar ƙura kamarsa. Yawancin na kasuwa daga yankin Neja, Kwara da Kebbi ake kawo shi. Sai dai sayensa na buƙatar ido da hanci. Mai kyau yana da ɗan ƙauri irin nasa, idan kika murza a tafin hannu zai narke tas ba tare da ya bar tsakuwa ba. Wanda ya yi warin tsami ya daɗe a ajiye, ki wuce shi. Da sanyi yana daskarewa ya yi tauri, sai an ɗumama shi a hannu kafin a kai jikin yaro, abin da ke gundurar uwa mai sauri.

Man kwakwa yana da daɗin shafawa, amma ya cika sauƙi, a tsakiyar hunturu ba ya riƙe fata har yamma. Yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 24, saboda haka idan kika wayi gari a Janairu kika ga naki yana nan ruwa tsululu a kwalba, mai yiwuwa an gauraya shi da wani mai. Su kuma mayukan ruwa na kanti masu kwalliyar kwalba, yawancin abin da ke ciki ruwa ne. Da zafi suna da amfani, da hunturu kuwa sai kin yi ta maimaitawa, kuɗinsu kuma ya ninka na sauran.

Ni dai abin da zan zaɓa shi ne man kaɗanya a duk jiki, basilin a leɓe, kumatu, dunduniya da wurin da famfas ke gogawa. Lokacin shafawar ma ya kusa fin man muhimmanci: da an fito daga wanka, a ɗan tsane jiki da tawul, a shafa tun fatar na da damshi.

Akwai abin da ke ci mini rai, dole in faɗa. Wasu na sayen ƙananan mayukan kemis na maganin ƙuraje su matse a cikin man yaro, wai don fatarsa ta yi haske ta yi santsi. Da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke sirantar da fata idan aka daɗe ana shafawa, jikin yaro kuma ya fi na babba zuƙarsa. Haka ma man da aka haɗa a gida ake tallarsa a WhatsApp ba tare da an rubuta abin da ke ciki ba. Don Allah 'yar uwa, kada ki kai shi jikin ɗanki.

Kayan sanyi: gwanjo, sabo ko saƙa

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen ƙatuwar riga guda mai kauri. Da asuba ta yi daidai, da hantsi yaro ya jiƙe da gumi a cikinta, a cire masa gaba ɗaya iska ta buge shi. Riguna marasa nauyi biyu ko uku da za a ɗora wata kan wata sun fi: singileti ko 'yar shara ta auduga a ciki, mai dogon hannu a kai, sai suwaita a sama. Rana na ɗagawa ana rage ɗaya. Idan kina son sanin ko ya ji ɗumi, ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa. Hannu da ƙafa kan yi sanyi ko da jikin lafiya lau yake.

Gwanjo, wanda Ƙofar Wambai ta yi suna a kai, shi ya fi biyan kuɗinsa ga yaron wannan shekaru, domin rigar da ta yi masa bana ba za ta shige shi baɗi ba. Sau da yawa yadin ma ya fi na sabon kaya mai araha. Sai dai yana son lokaci da haƙuri. Zaɓen farko ranar da aka fasa dila ya fi tsada, amma a nan ake samun na kirki. Ki juya rigar ciki waje, ki duba hammata da wuya, ki ja zif sama da ƙasa, ki miƙe robar hannu ki ga ko tana komawa. Idan kin kawo gida a wanke da sabulu da ruwan ɗumi, a shanya a rana sosai kafin ta taɓa jikin yaro, saboda maganin da ake fesa wa kayan.

Sabon kaya na Sabon Gari da kantunan cikin gari ya fi kyan gani, kuma za ki samu daidai jikin yaron ba tare da tone-tone ba. Set ɗaya ya isa, don zuwa biki ko ziyara. Ki sani dai yawancin masu laushin nan kamar gashin mage zaren roba ne, suna riƙe gumi, kuma idan wuta ta lashe su narkewa suke yi su manne a fata. Yaron da ke bin uwarsa kicin bai kamata ya sa irinsu ba. A makonnin da ke gab da Kirsimeti kasuwar kayan yara kan cika maƙil, ciniki ya yi wuya, wanda ya saya tun Nuwamba ya huta.

Ga kuma saƙar hannu, wadda mata da yawa ke yi a unguwanni da kwarashi ko keken saƙa. Ina son a riƙa tunawa da su, domin za a auna yaron a saƙa daidai shi, kuɗin kuma ya zauna a hannun maƙwabciya. Ki roƙe ta ta saki wuyan, tun da kan yaro babba ne, ta kuma bar tuntaye da duwatsun ado. Duk abin da yaro zai iya cizgewa ya kai baki, ko igiyar da ke zagaye wuyan hula, a cire shi ko a wace riga yake. Idan zaren na ƙaiƙayi, a sa ta auduga a ciki.

Hular sanyi da safa ki sayi fiye da ɗaya, ɓacewa suke yi. Hular ta rufe kunne, musamman idan za a shiga adaidaita sahu da sassafe. Safa mai ɗigon roba a tafinta ta fi a gidan da aka sa tayil. Safar hannu kuwa ba sai kin wahalar da kanki ba, cirewa zai yi.

Da dare, babban bargo mai nauyi ba ya magance komai, domin yaron wannan shekaru ture shi yake yi kafin tsakar dare. Kayan barci mai haɗe da wando, mai rufe har ƙafa, ya fi, sai ɗan mayafi marar nauyi a kai. Ki zaɓi mai maɓalli ta ƙasa don sauya famfas ba sai an tuɓe shi ba. Gidan sauro kuma kada a naɗe shi wai don an shiga sanyi. Sauro ya ragu ne kawai, kuma gidan na tare ɗan iska.

Ɗumama ɗaki

A nan ba ni da sassauci. Kaskon wuta ko kurfoti a ɗakin kwana a rufe ba zaɓi ba ne, duk arahar gawayi. Garwashi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da kala. Ko garwashin ya yi ja ya daina hayaƙi, tana nan tana fita. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, mai barci ba ya farkawa balle ya nemi taimako, ƙaramin yaro kuma shi take fara kayarwa. Alamunta na farko ciwon kai ne, jiri da amai, abin da za a iya ɗauka zazzaɓi ne. Haka risho da tukunyar gas da aka kunna don jin ɗumi, haka janareta a bakin taga ko a soro. Idan kaka ta ce haka aka rene mu, a ba ta amsa cikin ladabi: ɗakunan da na ƙasa ne masu shan iska ta ko'ina, na yanzu siminti ne da tagar gilas mai rufewa ruf. A ji ɗumin wuta a tsakar gida, babba na riƙe da yaron, a kashe ta da ruwa kafin a shiga kwana.

Hitar ɗaki ta lantarki ba ta da wannan guba, amma tana da nata. Mai jan ƙarfe a gaba ita ce mafi araha kuma mafi haɗari, domin jan da take yi shi ke kiran hannun yaro, labule ko zani ya taɓa ta kuma sai gobara. Mai fanka tana ƙara busar da iskar da dama a bushe take. Mai ɗauke da mai a cikinta ta fi aminci, ta kuma fi tsada. Yawancinsu suna cin wuta tsakanin wat 1,000 zuwa 2,000, ƙaramin janareta ba ya ɗauka, batirin sola kuma nan da nan za ta zuƙe shi. Ga yadda wutar lantarki take a yawancin unguwanni, ba na ganin ta cancanci kuɗinta. Labule mai kauri, tsumma a ƙasan ƙofa, darduma ko kafet a kan siminti, za su yi miki rabin aikinta. Idan iska ta bushe har hancin yaro na haɓo, a shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin.

Ruwan wanka shi ma sai an yi shawara. Hitar da ake tsomawa a bokiti ta fi komai araha, amma ta haɗa haɗari uku a wuri guda: shokin, ƙuna, da bokitin kansa, wanda yaro kan leƙa ya faɗa da ka. Butar lantarki mai kashe kanta ta fi, idan an ɗora ta a sama wayarta ba ta lilo. Abin da na fi ba da shawara shi ne babban flas mai kyau. A dafa ruwa sau ɗaya a cika shi, ya yi tsarkin dare, ya yi wanke fuskar asuba, ya yi kunu. Wajen saye ki buɗe ki duba robar murfin, domin ta nan zafi ke gudu. A fara zuba ruwan sanyi a baho sannan a surka da na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Wanka ɗaya a yini ya wadatar, a bari sai hantsi ya dubi ludayi, da dare a goge jiki da tsumma mai ɗumi. Maigida, idan za ka ƙara kuɗin cefane don abu ɗaya a watan nan, to flas ɗin ne.

Na kemis

Mura da tari ba makawa sai sun zo, tun da yayye na shigo da su daga waje. Yawancin ruwan maganin tari da ake saya ba tare da takardar likita ba ba a yi su don yaro ƙarami irin wannan ba, mai kodin kuwa gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi tun 2018. Man zafi mai kafur da mantol ba na wanda bai kai shekara biyu ba ne, kada kuma a tura shi cikin hancin kowane yaro. Abin da ya kamata ya zauna a gida kaɗan ne: ruwan gishirin ɗigawa a hanci na kemis, farasitamol na yara da ma'auninsa, da ma'aunin zafin jiki. Zuma ƙaramin cokali kafin barci na sassauta tari ga wanda ya haura shekara ɗaya, wanda bai kai ba kuwa ba a ba shi ko kaɗan. A yawaita ba shi ruwa da kunu mai ɗumi, ga lemo da karas sun yi araha a wannan lokaci.

Sai ki koyi ƙirga numfashi, wannan ba ya cin ko sisi. Idan yaro na tari, ki jira ya natsu, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga na minti ɗaya cif. Ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye alama ce ta limoniya bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi shan komai, ko zazzaɓi ya haɗu da sandarewar wuya, tun da lokacin sanƙarau ma da hunturu yake farawa, kada a tsaya a kemis. A wuce asibiti mafi kusa, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko da tsakar dare ne.