Mai fama da waswasi a Kaduna: ina ya kamata ka kai kuɗinka?

Shekara uku na yi ina cika buta sau huɗu kafin in gama alwala ɗaya. Liman ya sallame, jama'a sun watse, ni ina bakin famfo ina wanke ƙafar hagu karo na bakwai. Da hunturu bayan hannuna har tsagewa yake yi. A gida ana cewa na cika tsantseni, abokai kuma su ce iyayi ne. Ashe ciwo ne da likitoci ke kira OCD: tunani mai naci da ba ka so, sai wani aiki da kake ta maimaitawa don hankalinka ya kwanta, kwanciyar kuma ba ta daɗewa. Yawanci yana kama mutum kafin ya kai shekara 25. Wani a duba ƙofa yake kama shi, wata a wanke hannu, wani kuma mummunan tunani game da Allah ne ke faɗo masa yana tsakiyar salla.

Na zagaya kusan duk inda ake zuwa, kuma ba zan ɓoye ba, zaɓina asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Na san sunan kaɗai kan sa gaban mutum ya faɗi, don a garin nan in an ce an kai wane Barnawa, an gama magana. Amma a can na fara zama gaban wanda bai yi mamakin labarina ba. Abu biyu ake haɗa maka. Na farko magani, irin su fluoxetine ko sertraline, wani lokaci clomipramine. Ba kamar Panadol ba ne, yakan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin ka ga aikinsa sosai, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi. Matashi ya sani, a makonnin farko wasu kan ji ƙunci ya ƙaru har da tunanin cutar da kai. In haka ta faru a koma wurin likita nan take.

Na biyun shi ya fi yi min aiki, ana ce masa ERP. Masanin halayyar ɗan Adam zai sa ka tunkari abin da kake tsoro, sannan ka hana kanka maimaitawar. Ni an ce in yi alwala da rabin buta, in miƙe, in kabbara, ko da zuciyata na ihun cewa ban shafi kai ba. Ranar farko gumi ya jiƙa min riga. Abin da ya ba ni mamaki, Ahalarin da muka karanta a Islamiyya ya riga ya faɗa: mai waswasi ya bar waswasin, kada ya kawo abin da yake shakka, sai dai ya yi ba'adi. Don haka in ka je, ka tambaya kai tsaye ko za a yi maka ERP, ba hira kawai ba. Ni wannan tambayar nake auna kowane wuri da ita.

Asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ma yana da sashen ƙwaƙwalwa, sai dai kuɗin motar Zariya. Asibitin kuɗi, in aljihunka na da nauyi, bismillah. Shawara ta waya da bidiyoyin TikTok kuwa, data kawai suka ci min.

Malamai kashi biyu ne. Akwai wanda zai karanta maka hadisin nan na kada ka bar salla sai ka ji sauti ko wari, ya ce ka daina sake alwala, ka je ka ga likita. Wannan ka riƙe shi. Sai ɗayan, wanda ya ƙone ni. Wani mai ruƙiyya ya kalle ni minti biyu ya ce aljana ce ta aure ni. Turare, man shafawa, rubutun sha a jarka, kuɗin da ya kusa na buhun shinkafa, duk daga adashin Umma. Mafi muni, ya ɗora min wanka bakwai da wuridi mai ƙidaya, in na yi kuskure in sake daga farko. Mai waswasi ka ba shi ƙidaya? Kura ce aka ba ajiyar nama. Na fito da sabon ciwo a kan tsohon. Alamomin irinsa ba sa ɓuya: zai yanka maka ranar warkewa, zai ce ka zubar da maganin asibiti, zai nuna wata 'yar uwa ya ce ita ta yi maka sammu, kuma in ke mace ce zai nemi ki zo ke kaɗai. 'Yar uwa, kada ki je.

Haka masu kemis na lungu. Wani ya ƙirgo min ƙwayoyi a farar leda ba kwali, ya ce na kwantar da hankali ne. Daga baya na gane diazepam ce: tana sa barci, tana kama jiki, waswasin kuma yana nan inda ka bar shi. Ka sayi magani da takardar likita, a kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magani, cikin kwalinsa. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa tun kana tsaye a gaban kanta, kafin ka miƙa kuɗi. In ya ce wannan ya ƙare amma ga ɗan uwansa, ka ɗauki hoton kwalin ka nuna wa likitanka tukuna.