Gyaran tsohon bayani ko rubuta sabon jagora?

Wanda ke son taimaka wa manhajojin da kowa ke da damar dubawa da gyarawa, irin su Python ko LibreOffice, yana da hanya biyu ta fannin rubutu.

Ta farko ita ce gyara. Ka buɗe fayil ɗin README, wato bayanin farko da ke zuwa tare da manhajar, ka bi matakan girka manhajar ɗaya bayan ɗaya, sai ka tarar mataki na uku ya daina aiki tun fitowar sabon salo. Ka gyara layin, ka tura ta shafin intanet da aikin ke karɓar gyara, kamar GitHub, masu kula da aikin su duba su karɓa. Aikin yammaci guda ne. Kuma sabon shiga ya fi ƙwararre ganin irin wannan giɓi, don shi ƙwararre idonsa ya saba, tsallake wurin yake yi bai sani ba.

Sabon jagora kuwa makonni yake ci. Sai ka tuntuɓi masu aikin tukuna, kada ka yi wahalar banza, kuma duk sauyin da manhajar ta samu, kai za a nema. Nauyinsa ya kai har Google ta ƙaddamar da shirin Season of Docs a 2019 don tallafa wa irin wannan rubutu.

Ni dai da gyara zan fara, in san masu aikin su san ni, kafin in ɗauki aikin rubuta sabon jagora.