Dala 1,050 na bari a teburin wani tsoho a baje kolin bindigogi, 'yan uwa ku yi hattara

Assalamu alaikum jama'a. Sati uku kenan ina rubuta wannan abin ina gogewa saboda kunya, sai jiya bayan Juma'a wani ƙanena ɗan Gusau ya tare ni a wajen fakin yana tambaya wai Yaya gaskiya ne in mutum ya je baje kolin bindigogi ya fi samun araha a kan shago, shi ma yana so ya je wata mai zuwa. Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Na ce masa jira zan rubuta maka, to ga shi.

Dala 1,050. Dala 650 tsabar kuɗi a hannu, dala 400 ta Zelle, wato hanyar tura kuɗi daga banki zuwa banki ta waya a nan Amurka. Dubu ɗaya da hamsin. Ku juya ta zuwa naira ku gani, ta haura miliyan, kuɗin da da na tura gida da an gama rufin ɗakin Hajiya har da canji.

Kafin wani ya fara min wa'azi, ni ba yaro ba ne kuma ba jiya na sauka ba, shekara goma sha ɗaya ina Houston, ina da giren kad, duk abin da na yi a kan doka na yi shi. Farauta ce ta kai ni ba wani abu ba. Akwai wani abokin aikina bature da danginsa suke da fili a wajen tsaunukan tsakiyar Texas, shekara biyu yana min tayin in zo mu harbi barewa in kaka ta yi, a nan farkon Nuwamba ake buɗe lokacin. Na yi kwas ɗin koyon farauta da jihar ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yanzu, na biya dala 25 na lasisin farauta, har malami na tambaya hukuncin abin da aka harba da bismillah. Ina faɗin wannan ne don ku san mutumin da ya bi duk waɗannan matakan ba sakarai ba ne. Bindigar da madubin hangen da ake ɗora mata kawai suka rage, sikof muke ce masa.

To ranar Asabar na tafi. Wani ƙaton zaure ne a bayan gari, ba zan faɗi sunan wurin ba don ba su suka cuce ni ba, su tebur kawai suke bayarwa haya. Na biya kuɗin shiga, a ƙofa ana duba duk wanda ya zo da tasa bindigar a tabbatar babu harsashi a ɗaure ta da igiyar roba. Ciki kuwa kamar Kantin Kwari ranar jajiberin sallah, tebur bayan tebur, wannan wuƙaƙe, wannan tsofaffin kayan soja, wannan tsabar kuɗin da, wani ma busasshen nama yake sayarwa irin nasu mai zaƙi da suke ji da shi, wanda ko kusa da kilishin Agadasawa bai kai ba. Kuma tun a zagayen farko na lura da abu ɗaya, babu wata araha. Bindigar da nake nema, ƙirar Ruger American, na gan ta a teburi uku, duka ukun sun fi farashin da na gani a shagon kayan wasanni kusa da gidana. Da a nan na juya na tafi da yanzu ba na wannan rubutun.

Sai ga tsohon nan. Allah ya isa.

Farin gemu, hular tsofaffin sojoji, tabarau a rataye a wuya, yana zaune a kujera yana shan kofi abinsa ko kiran mutane ba ya yi. Ni na tsaya da kaina, wannan ne yake ci min rai, ni na kai kaina. Ya ji harshena ya ce daga ina, na ce Najeriya, sai ya ajiye kofin ya ce "sannu". Jama'a SANNU fa ya ce min. Wai ya yi aikin mai a Fatakwal shekaru da yawa da suka wuce, wai ya taɓa zuwa Kano sau ɗaya ya ga rini a Ƙofar Mata, har yana kwatanta min ramukan da hannu. Ku gaya min tsakani da Allah waye a cikinku zai tsaya a tsakiyar turawan Texas dubu, tsoho sa'an babansa ya ce masa sannu ya ambaci Ƙofar Mata, zuciyarsa ba ta yi laushi ba? Houston cike take da mutanen da suka yi aikin mai a Najeriya, ba abin mamaki ba ne, na ɗauki irinsu a mota ba adadi lokacin ina Uber. Har yau ban sani ba ko da gaske ya je ko a intanet ya gani. Na fi minti arba'in a tsaye a wurinsa, har "Baba" na koma ce masa yana dariya yana tambaya me take nufi.

Sikof ne a teburinsa, na kamfanin Leupold, wai. VX-5HD, a kwalinsa, da zoben zinaren nan nasu a baki, da takardu. Sabonsa kusan dala 1,000 ne na duba a waya a gabansa, ban ɓoye ba. Ya ce na ɗansa ne da ya daina farauta, dala 700, na ce 600, muka tsaya a 650. Kun ga ai na yi ciniki. Na ɗaga na leƙa ta ciki na hango rubutun can ƙarshen zaure garau. Na murɗa maɓallan suna ƙara ƙas ƙas. Me kuma ake so mutum ya yi? Kuma ba wai dala 100 ya ce ba balle a ce araha ta ruɗe ni, da ya ce 200 wallahi da na gudu, 650 farashi ne na hankali ga kayan hannu, ashe shi ya sa ya zaɓe shi.

Af na manta, kafin maganar sikof ɗin ma ya riga ya kawo zancen bindigar. Ko bayan ne? Ina ga tun ina duba kwalin ya fara. Ya ce yana da Ruger American mai cin harsashi .308 a gida, ita aka cire wa wannan sikof ɗin, bai kawo ta ba don teburin ya cika, in ina so gobe Lahadi ya zo min da ita a dala 400 kacal tunda na sayi madubin. Ya nuna min hotonta a waya a kan wani bargo. Sai dai wai akwai wani da ya riga ya nuna sha'awa, in ina so ya riƙe min sai in biya yanzu. Tsabar kuɗina sun ƙare a 650 ɗin nan, sai ya ce ba komai Zelle ma ya yi.

A nan ne. Daidai nan nake komawa kullum in na kwanta. Na sa lambar, sunan da ya fito na mace ne, ba sunan da ya gaya min ba. Na gani da idona, yatsana ya tsaya. Na ce Baba wannan ba sunanka ba ne, ya yi dariya ya ce matata ce ke riƙe da kuɗin gidan, kai ma ai ka san yadda abin yake. Na yi dariya ni ma. NA YI DARIYA na danna. Dala 400. Ya yago takarda ya rubuta min risit da biro ya sa hannu, ya miƙo min hannu muka gaisa ya riƙe hannuna da hannu biyu kamar mutumin gida.

Abin da ya kamata ku gane, wanda ni na sani sarai amma sanin bai amfane ni ba, masu tebur a wurin nan iri biyu ne. Akwai dila mai lasisin gwamnatin tarayya, shi dole ka cika masa fom 4473 na hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi, ya duba katin shaidarka, ya tura sunanka tsarin binciken FBI da ake kira NICS wanda yake aiki tun 1998, kuma yana da shago da adireshi, in abu ya lalace ka san ƙofar da za ka buga. Sai kuma mai zaman kansa da ya ce kayansa na gida yake sayarwa, shi a Texas doka ba ta tilasta masa wannan binciken in ɗan jiha yake sayar wa, ba shago, ba adireshi, sunan da ya ga dama shi zai gaya maka. Ni fa har cewa na yi gobe in ya kawo ta mu je teburin dila a yi mana takardu a bi ta fom don in samu kwanciyar hankali, ya ce madalla haka ya fi, ya ma yaba min wai ina da tsari. Yo me zai hana shi yarda tunda ya san babu goben.

Lahadi ƙarfe goma ina bakin ƙofa, na sake biyan kuɗin shiga, wannan ma ban sa shi a lissafin 1,050 ɗin ba. Teburin wayam. Ko zanen da ya shimfiɗa babu. Maƙwabcinsa mai wuƙaƙe ya ce tun yammacin jiya ya kwashe, bai san shi ba, ranar ya fara ganinsa. Na kira lambar ta yi ta ringin, na tura saƙo, zuwa azahar ya amsa wai matarsa ce ba lafiya suna asibiti zai kira ni Talata. Na ma yi masa addu'a jama'a, na rubuta masa Allah ya ba ta lafiya. Talata shiru. Laraba lambar ta daina shiga kwata-kwata. Duk saƙonnin suna nan a wayata zan ɗora hotunansu, da hoton risit ɗin, da na Zelle ɗin, sai dai zan rufe sunan matar don ban sani ba ko ita ma amfani aka yi da ita.

Kuma duk wannan lokacin ina lallashin kaina da cewa to ai ko ba komai na tsira da sikof na dala 1,000 a 650, asarar ba ta kai ta kawo ba. Hmm. Sati na gaba na haƙura na je shago na sayi bindigar sabuwa, na cika fom, minti ashirin aka gama, da risit na gaske. Muka tafi filin gwaji da abokin nan nawa a saita madubin a yadi 100. Harbi uku na farko suka tafi wuri ɗaya, muka murɗa, na gaba suka tafi wani gari daban, muka sake murɗawa suka koma inda ba a aike su ba. Kwalin harsashi guda muka ƙona. Ina ta cewa hannuna ne don ni sabon shiga ne, shi ya karɓa ya gwada, shekara talatin yana harbi, abu ɗaya. Sai ya cire sikof ɗin ya juya shi ya yi shiru, irin shirun nan da ya fi zagi ciwo, ya ce a ina ka ce ka saya?

Washegari na kira kamfanin Leupold ɗin a Oregon na karanta musu lambar da ke jiki. Ba tasu ba ce. Jabu ne. Ashe su kansu sun daɗe suna gargaɗi a shafinsu cewa ana buga na bogi da sunansu har da zoben zinaren, kuma garantinsu na har abada da ake ta yabo bai shafi jabu ba, yo dama ta yaya. Kiran minti biyar. Da na yi shi ina tsaye a gaban teburin... ko da yake Asabar ce ban ma san ko suna ɗauka ba, amma ai sai in ce ya bari sai Litinin, in ga yadda fuskarsa za ta yi. Dala 650 a kan bututun ƙarfe da gilashi.

Banki kuwa, na kira su tun ranar Larabar nan kafin ma zancen filin gwaji, matar ta saurare ni tsaf cikin ladabi sannan ta ce kai ka tura da hannunka ko? Na ce eh. Shi kenan. Zelle kamar ka miƙa tsabar kuɗi ne, ba shi da kariyar mai saye irin ta katin bashi, su da kansu suna rubuta cewa ka tura wa wanda ka sani kawai. Na je na shigar da rahoto wajen 'yan sanda sun ba ni lamba, na cika na IC3, sashen FBI mai karɓar ƙorafin damfarar intanet, a shafinsu. Wani ya ce in kai ƙaramar kotu tunda a Texas tana sauraron har dala 20,000, na ce in kai wa? Sunan da ke kan risit ɗin ko a ina ban same shi ba. Masu shirya taron na kira sun ce ba sa ba da bayanan masu tebur sai 'yan sanda sun nema, ban ga laifinsu ba amma raina ya ɓaci.

Wani abokina da na gaya wa, budar bakinsa sai cewa ya yi wai ɗan Najeriya guda bature ya yi wa 419, yana ta ƙyaƙyata dariya. Na kashe wayar. Ba na son jin wannan, duk wanda zai rubuta min irin haka ya riƙe abinsa. Na duba farashi, na leƙa madubin, na karɓi risit, na nemi a bi ta dila, me ya rage? Abu ɗaya ne, sunan nan da ya fito daban, kuma na tambaya, ba wai ban tambaya ba.

Ƙanena ɗan Gusau, amsarka: in za ka je don ka riƙe bindigogi iri-iri a hannu ka ji wacce ta dace da kafaɗarka, je ka, wannan kam wurin ya yi. Saye kuwa a wurin dila mai shago, da katin bashi, abin da ke gabanka. Kar ka biya ko sisi a kan abin da aka ce yana gida. Kuma in bizar karatu ko ta ziyara gare ka dokarka daban ce da ta mai giren kad, tambayi lauya kafin ka taɓa komai.

In akwai wanda ke zuwa irin wuraren nan a kewayen Houston ko Dallas ko San Antonio ya ga tsoho mai farin gemu da sikof biyu uku a kwali yana ba da labarin Fatakwal, don Allah kar ka yi masa magana kar ka tada rigima, wuri ne da kowa ke da makami, ka sanar da masu gadin wurin ka turo min saƙo in ba ɗan sandan da ke riƙe da rahotona. Hotunan zan ɗora su da dare in na taso aiki. Maman yara har yanzu 650 ɗin kawai ta sani, ban gaya mata na 400 ɗin ba.