Daga Frankfurt: Batun Shafinka Mai Jan Ƙafa

Assalamu alaikum ƙanena. Ya gida, ya kasuwa, ya ƙarfin jikin Hajiya? A gaishe min da ita da kyau, a ce mata sanyi ya fara sauƙi a nan.

Daren jiya na buɗe shafin shagonka kamar yadda ka nema. Ni da nake da intanet mai ƙarfi sai da na jira kafin hotunan shaddar su fito, balle mai ƙaramar waya a Kurna da ke lallaɓa datarsa. Abin ya dame ni, don na san irin guminka a kan shagon nan.

Ka tambaya ko Turawa na da wasu filogin na musamman, wato ƙananan manhajojin da ake ɗora wa shafi don ya yi sauri, da ba su iso gida ba. Babu. WP Super Cache da W3 Total Cache da LiteSpeed Cache da ake aiki da su a nan, su ne dai kake gani a WordPress ɗinka, manhajar da aka gina shafinka da ita, kuma kyauta ne. WP Rocket ne ake biya duk shekara. Babban aikinsu ɗaya: maimakon saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta haɗa shafi daga tushe duk sanda wani ya shigo, sai a ajiye kwafi a miƙa masa, kamar mai ƙosai da ta soya ta tara tun kafin layi ya yi tsawo. Kai kuwa uku ka ɗora lokaci guda. Cire biyu. Karo suke yi da juna, shi ya sa farashin da ka sauya ranar Litinin ya ƙi fitowa. Shi LiteSpeed Cache ma ba ya nuna ƙarfinsa sai in sabar kanta da manhajar LiteSpeed take aiki, don haka ka fara tambayar masu masaukinka, wato kamfanin da ke riƙe maka shafin a sabarsu.

Wajen masauki ne Jamus ta yi mana fintinkau. Kamfani irin Hetzner, mai cibiyoyi a Nuremberg da Falkenstein, yana ba da ƙaramar saba a ƙasa da Yuro 10 a wata, kusan kuɗin shawarma da lemo a nan. Wuta tsayayya ce, babu kuɗin dizal da za a ɗora wa kwastoma. A nan Frankfurt kuma DE-CIX take tun 1995, ɗaya daga cikin manyan mahaɗun intanet na duniya. Sai dai a wannan farashin inji kawai za a miƙa maka, tsaronsa da gyaransa duk a wuyanka. Kuɗi kuma ranarsa ranarsa, babu "a ɗaga min ƙafa zuwa ƙarshen wata". Doka ma ba ta wasa: a 2022 wata kotu a Munich ta sa mai shafi ya biya Yuro 100 saboda shafinsa na ɗauko salon rubutu daga Google ba da iznin mai ziyara ba.

Sannan masu sayen kayanka a Kano suke, ba a nan ba. Duk hoton da ya tashi daga Jamus sai ya bi waya ta ƙarƙashin teku zuwa Legas kafin ya hau arewa. Ka tuna Maris na 2024 da wayoyin suka lalace a gaɓar Kodebuwa, har bankuna suka rikice.

Shawarata ka zauna inda kake, kana biya da naira, kana da wanda za ka kira a waya. Ka haɗa shafin da Cloudflare, kamfanin da ke ajiye kwafin shafuka kusa da masu ziyara, tsarinsu na kyauta ya ishe ka, kuma suna da cibiya a Legas da za ta riƙe kwafin hotunanka kusa da gida. Hotunan kuma ka daina ɗora su yadda suka fito daga waya, na ga wani ya haura megabayit 5. Rage su, ka mayar da su WebP, wani tsarin hoto mara nauyi.

In ka gama, ka gwada da datar waya a bakin kasuwa, ka turo min abin da ka gani. Ranar Asabar bayan la'asar ɗinku zan kira mu duba tare, in sha Allah.