Google Calendar a Gidan Aure: Ta San Agogo, Ba Ta San Rana Ba

Mako ɗaya awa 168 ne. A cire barcin awa bakwai kowane dare, 49 sun tafi. A cire awa 45 na aiki da awa goma na zirga-zirgar hanya, sannan salloli biyar da alwalarsu, a ce minti 15 kowacce, kusan awa tara ke nan a mako. Saura awa 55, kuma a cikinsu ne hidimar gida, yara, ziyarar iyaye, motsa jiki, karatu, kallo da hirar miji da mata za su samu wuri. Abin da ke ƙara wa lissafin wuya shi ne awoyin ma'aurata a sarƙe suke. Lokacin da maigida ya fita gudu, uwargida ce ke riƙe da yara, in ita ta zauna ɗinki ko karatu, shi ne a kansu. Da wannan ma'auni ya kamata a auna Google Calendar, manhajar tsara lokaci da kamfanin Google ya fitar a 2006, wadda duk mai asusun Gmail yake da ita.

Inda ta fi ƙarfi shi ne raba kalanda tsakanin mutum biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe rukunin iyali a asusun Google, wanda ke ɗaukar mutum shida. Da an buɗe shi kalandar iyali za ta fito da kanta, kowa a rukunin na iya sa abu, ya gyara, ya goge. Hanya ta biyu ita ce mutum ya ƙirƙiri sabuwar kalanda ya ba abokin zamansa izini, kuma wannan ya fi tafiya daidai a kwamfuta ko a burauza. Izinin hawa huɗu ne: ganin cewa mutum na da uzuri a wannan lokaci ba tare da bayani ba, ganin cikakken bayani, ikon gyara, da ikon gyara haɗe da raba wa wasu. Kalandar gida a ba ta hawa na uku. Ta wurin aiki hawa na farko ya wadatar, tun da abin da uwargida ke bukatar sani shi ne maigida ba zai samu kansa ba daga biyu zuwa huɗu. Kada a gina kalandar gida a asusun da ma'aikata ta bayar, domin masu kula da asusun na da iko a kansa, kuma ranar da aka bar aikin an bar kalandar.

Kurakurai uku ne ke sa ma'aurata su watsar da ita tun a makon farko, kuma duk ana iya kauce musu. Mutum zai sa abu ya manta bai zaɓi kalandar iyali ba, sai ya faɗa kalandarsa ta kansa, ɗayan bai gani ba. Sunan kalandar na nan ƙarƙashin taken abin, a duba shi kafin a adana. Na biyu, a wayar Android sabuwar kalandar da aka raba kan ƙi bayyana har sai an shiga saitunan manhajar, an taɓa sunanta, an kunna maɓallin daidaita bayanai. Na uku ya fi jawo ɓacin rai: tunatarwa ta kowa daban ce. In uwargida ta sa ganin likitan yaro, ta sa wayarta ta tuna mata saura awa ɗaya, wannan tunatarwar ba ta bin abin zuwa wayar maigida. Dole shi ma ya saita tasa a kan kalandar iyali, ya kuma kunna saƙon imel da ke sanar da shi in an sa sabon abu ko an canza lokaci. In bai yi ba, za a yi ta "ai na sa a kalanda" da "ai ban gani ba", alhali kowa gaskiya ya faɗa.

Babbar gazawarta tana wajen ibada. Manhajar da agogo take lissafi, shi kuwa Musulmi da rana da wata yake auna yininsa. Abin da aka sa ya riƙa maimaituwa ƙarfe biyar da rabi na safe zai tsaya nan har abada, alfijir kuwa ba ya tsayawa. Ko a ƙasashen da ke kusa da layin ikwaita, zawali na motsawa kusan rabin awa tsakanin Fabrairu da Nuwamba. A birni irin Landan rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Disamba, a Yuni sai bayan tara. Don haka motsa jikin da aka tsara bayan La'asar zai wayi gari ya hau kan sallar, kallon da aka sa bayan Isha ya cinye ta.

Wasu na magance wannan da haɗa adireshin jadawalin salla na intanet a kalandar. Yana aiki, amma da tsadarsa. Salloli biyar a kwana 365 abubuwa 1,825 ne, sai shafin mako ya cika har a kasa ganin taron makarantar yara. Google kan ɗauki har awa 24 kafin ta sabunta irin wannan jadawali. Sannan hanyoyin lissafi sun bambanta: wata na fitar da alfijir lokacin da rana take digiri 18 ƙarƙashin layin da sama ke haɗuwa da ƙasa, ta hukumar Masar 19.5, ta Ummul Ƙura ta Saudiyya 18.5, ta Arewacin Amurka 15, kuma babu ɗayansu da ta san lokacin da masallacin da mutum ke zuwa yake tayar da salla. A ganina ya fi kyau a bar kiran salla ga ladani ko manhajar da aka yi don haka, a kalanda kuwa a killace faffaɗan lokaci na minti 30 zuwa 40 a kowace salla, da launi ɗaya mai duhu. Farkon kowane wata a buɗe su a matsar, a zaɓi gyaran da ya shafi wannan rana da masu biyo baya. In aka zaɓi gyara duka, har na watannin da suka wuce za su canza. Sauran abubuwa a raɗa musu suna da sallar da suke bi, kamar "Tafiya bayan Asuba", don ko lokacin da ke rubuce ya zame, an san gurbin abin.

Tashin Asuba kada a jingina shi da ita. Tunatarwarta ƙara ce ta ɗan lokaci, tana yin shiru in an sa waya a yanayin kada a dame ni, kuma wasu wayoyin kan hana ta motsi da dare don tattalin batir, sai an shiga saitunan batir an ɗage mata takunkumi. Agogon ƙararrawa na waya shi ne na wannan aiki.

A saitunanta ana iya kunna kwanan watan Hijira ya fito kusa da na Miladiyya, abin a yaba. Sai dai na lissafi ne, yana iya saɓa wa ganin wata da kwana ɗaya, kuma tsakar dare yake juyawa alhali ranar Musulunci da faɗuwar rana take shiga. Maimaitawa ma ba ta bin watan Hijira. Azumin Litinin da Alhamis, sallar Juma'a, ko sujadar Lahadi ga Kirista, duk sau ɗaya za a sa su. Amma azumin 13, 14 da 15 ga wata sai an sa shi da hannu kowane wata, Ramadan kuma da ke matsowa da kusan kwana 11 duk shekara sai an sake tsarin mako gaba ɗaya dominsa.

Karatun Alƙur'ani ya fi dacewa da ɓangaren ayyuka, wato Google Tasks da ke cikin manhajar, domin aiki na nan yana jira har sai an danna an gama. Mushafin Madina shafi 604 ne. Shafi biyu a rana sauka ce a wata goma, shafi huɗu bayan kowace salla kuma juzu'i ne a yini. A lura cewa ayyukan asusun mutum shi kaɗai ke ganinsu. In miji da mata tare suke karatun, a sa shi a kalandar iyali.

Wajen motsa jiki manhajar ta ja baya. Daga 2016 tana da wani sashe da mutum zai gaya wa yana son gudu sau uku a mako, ya nemo masa gurbi, ya matsar in wani abu ya faɗo a kai. An cire shi a ƙarshen 2022, kuma rashi ne na gaske ga mai aiki da iyali. Yanzu komai da hannu ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga baligi ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, irin tafiya da sauri, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Mafi ƙaranci ke nan minti 30 sau biyar. Kuskuren da ake yi shi ne a killace minti 30 cif. Sa kaya, fita, dawowa da wanka na cin wasu minti 20, don haka gurbin ya zama minti 50, in ba haka ba kullum zai riƙa shiga haƙƙin abin da ke biye. A rubuta a taken wanda ke riƙe da yara a lokacin, kuma a raba kwanakin da adalci, uku da uku, ɗaya a fita tare in da hali. Shafin mako da launi biyu zai nuna ƙarara in mutum ɗaya ne ke samun fita kullum. Haka ma abin sha'awa, ko lambu ne ko zane ko koyon wani harshe: zama ɗaya na awa biyu a mako ya fi amfani a kan minti 15 kullum, saboda fito da kaya da mayar da su kaɗai kan cinye minti 15 ɗin.

Nishaɗi kuwa ba ya bukatar a tuna wa kowa ya fara, tsayawa ce matsalarsa, kuma manhajar ba ta da tunatarwar ƙarshen abu. Duk tunatarwarta, har guda biyar a abu ɗaya, kafin farawa suke zuwa. Dabarar ita ce a sa wani ɗan abu na daban mai suna "A kashe kallo" a daidai lokacin da ake so a tashi. Wasan ƙwallo a ba shi awa biyu, domin minti 90 da hutun minti 15 da ƙarin lokaci kan kai kusan haka. Wayar hannu kuma a haɗa da ma'aunin lokaci na Digital Wellbeing a Android ko Screen Time a iPhone, su ne ke rufe manhaja in adadin da aka ɗiba mata ya cika.

Ga ma'auratan da dukansu ke aiki, ko masu yara ƙanana, ta cancanci a ɗora ta, muddin za a zauna minti 15 sau ɗaya a mako a duba makon da ke tafe tare, a bar aƙalla yammaci biyu babu komai a cikinsu saboda baƙo da rashin lafiya. Zaman hirar miji da mata shi ma a sa shi da launinsa, don kada a ga gurbin a buɗe a cusa wani abu. Wanda kuma yake shirya wa abokin zamansa ba-zata ya sani cewa sa wa abu alamar sirri a kalandar iyali ba ya ɓoye shi ga mai izinin gyara, sai dai ya ajiye shi a kalandarsa ta kansa. In wani ya goge abu bisa kuskure, yana nan a kwandon shara na kwana 30, ana dawo da shi ta kwamfuta.